Makaɗi Ya Dawo, Ina 'Yan Rawa? Sharhi a Kan Faifan "Wulu Wulu" na Bongos Ikwue

GABATARWA

Na san tun daga kan maganar nan wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ce, to me ya haɗa mujallar Ƙungiyar Hausa da Bongos Ikwue, mutumin da shi ba Bahaushe ba ne, kuma ba da Hausa ya yi suna ba? Tambayar tana kan hanya, kuma zan amsa ta, sai dai ina roƙon mai karatu ya yi mini lamuni sai mun kusa sauka. Abin da na ƙudurta a wannan ɗan sharhi shi ne in duba faifan da wannan makaɗi ya fitar a shekarar 2013, mai suna "Wulu Wulu", bayan ya daɗe ƙwarai ba a jin ɗuriyarsa a fagen kiɗa. Zan faɗi abin da na ga ya yi kyau a ciki, da inda na ga ya gaza, sa'an nan in nuna cewa wani kashi na gazawar ba daga makaɗin yake ba, daga wajenmu yake.

Ni a Rido aka haife ni, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna, daf da matatar mai. Mahaifina direban tanka ne, ya zo garin jim kaɗan bayan an buɗe matatar a 1980, ya kama haya, ya yi aure, har Allah Ya ba shi ikon gina nasa. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe da ba a yarda yara su taɓa ba. Ran da na yi girman da aka bar ni na buɗe shi, sai na tarar da fayafayen garmaho a jere, ga na Shata, ga na Ɗan Maraya Jos, sai kuma waɗansu guda uku masu rubutun Turanci, ɗaya an rubuta masa "Still Searching". Da na tambaya sai Baba ya ce, "Waɗannan ba nawa ba ne, amana ce. Na Baffanka ne." Wannan Baffa ba ɗan'uwanmu na jini ba ne. Wani mutumin Binuwai ne, Kirista, ma'aikacin masaƙa a Kakuri, wanda suka yi zaman haya gida ɗaya da Baba shekara da shekaru. Bayan rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 ya kwashi iyalinsa ya mayar gida, ya ce zai dawo ya ɗauki sauran kayansa in ƙura ta lafa. Masaƙar ta rufe, shi kuwa bai dawo ba. Daga wannan akwati na fara sanin Bongos.

WANE NE BONGOS?

An haifi Bongos Ikwue a 1942 a Otukpo, ƙasar Idoma, cikin Jihar Binuwai ta yanzu, wadda a wancan lokaci tana cikin Jihar Arewa. Ya yi sakandare a makarantar St. Paul da ke Zariya, daga baya ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya kafa ƙungiyar makaɗa ta ɗalibai mai suna Unibello Brothers. Wato dai ɗalibi ne irinmu, a ƙasar Zazzau ya yi ƙuruciyar karatunsa. Ƙungiyar da ta fito da shi duniya ita ce Groovies, wadda ya yi fayafaye da ita a kamfanin EMI cikin shekarun 1970.

Ya kamata in ɗan yi bayanin irin kiɗan, domin da yawa daga cikinmu ba su riski zamaninsa ba. Bayan Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970, samarin biranen Nijeriya suka rungumi wani kiɗa da ya taso daga Amurka da Ingila, ana kiransa rok. Kayan aikinsa su ne jita mai lantarki, da babbar jita mai kaurin murya da ake kira bes, da jerin ganguna da mutum ɗaya yake kaɗawa hannu da ƙafa, wani lokaci da molo mai madannai. Ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, irin su Ofege da BLO a Ikko, da Funkees a Gabas, har Arewa ma tana da tata mai suna Elcados. Bongos yana cikin wannan ayari, amma shi a gefen masu sanyin hannu yake tafiya. Ba ya kururuwa, ba ya barin ƙarar jita ta danne magana. Yakan gauraya wannan kiɗa da karin waƙoƙin ƙauyensu da kuma irin na makiyayan Amurka, ya ɗora labari a kai. Da wannan salo ne waƙar "Still Searching" ta 1978 ta game ƙasa.

Amma abin da ya shigar da muryarsa cikin gidajen Hausawa shi ne wasan kwaikwayon talabijin na NTA mai suna "Cock Crow at Dawn", wanda aka fara nunawa a 1980, aka shirya shi a yankin Jos. Shi ya rera waƙar buɗe wasan. A ciki ne marigayi Kasimu Yero ya fito a matsayin Gaga, marigayi Sadiq Daba kuma a matsayin Bitrus. Labarin wani magidanci ne, Bello, da ya bar birni ya koma ƙauye da iyalinsa don ya yi noma, ya tarar ba kowa ne yake murna da dawowarsa ba. Mai karatu ya riƙe wannan labari, za mu sake bukatarsa. Baba ya ce a gidan hayarsu talabijin ɗaya ce, ta Baffa, kuma da an ji waƙar nan ta tashi sai tsakar gida ta cika, Musulmi da Kirista, har da 'ya'yan maƙwabta a kan katanga.

ME YA KASHE KASUWAR?

Mutane sukan ce makaɗi ya tsufa, ko zamaninsa ya wuce, su tsaya nan. A nawa ganin wannan ba bayani ba ne. Alhaji Mamman Shata ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa har ya rasu a 1999, ba a taɓa cewa ya ɓace balle a ce ya dawo ba. Me ya bambanta su? Makaɗin gargajiya yana da iyayen gida, yana da biki da suna da naɗin sarauta, kuma kalangu ba ya shan lantarki. In kamfanin faifai ya rufe, Shata bai rasa komai ba sai ɗan ƙari. Shi kuwa makaɗin zamani a kan duwatsun murhu uku tukunyarsa take zaune: kamfanin da zai buga faifai, da gidan rediyo ko talabijin da zai sa shi, da ma'aikaci mai albashi wanda zai sayi faifan ya kuma biya kuɗin ƙofa ran Asabar da dare. In ɗaya ya goce, tukunya ta karkace. A Nijeriya kuwa duka ukun ne suka goce, kusan a jere.

Da farko kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta karye. Jita da tsirkiyarta da lasifika duk daga waje ake kawo su, saboda haka riƙe ƙungiyar mutum takwas ko goma ya zama jidali. Daɗin daɗawa ga kaset ya shigo, wanda kowane mai rikoda biyu zai iya kwafa ya sayar a bakin tasha, makaɗi bai ga ko kwabo ba. Manyan kamfanonin Turawa, wato EMI da Decca da Polygram, suka sallama harkokinsu ga 'yan ƙasa suka janye. A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, daga nan zamanin da duk ƙasa take kallon tasha ɗaya ya kama hanyar ƙarewa. A ƙasar Hausa kuma finafinan bidiyo suka taso daga 1990, suka zo da waƙar da mutum ɗaya yake haɗa mata kiɗa da fiyano a ɗaki, ba ya bukatar mai ganga ko mai jita.

Dutse na uku, wato ma'aikaci, a Kaduna muka ga faɗuwarsa da idonmu. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, sauran ma haka. Dubban mutanen da suka zo daga kowace kusurwa ta Arewa suka haɗu a Kakuri da Makera da Nasarawa, suna cin abinci a kwano ɗaya suna magana da Hausa, suka watse. Rikicin 2000 da na 2002 suka ƙarasa abin da talauci ya fara, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, akasarin Musulmi suka tattara arewa da shi, akasarin Kirista kudu. Bongos shi kansa ya koma harkokin kasuwanci, har da otal a garinsu Otukpo. Saboda haka in aka ce farin jininsa ya ragu, gaskiyar maganar ita ce dandalin da yake wasa a ciki ne aka rushe.

FAIFAN KANSA

Alamar dawowarsa ta fara bayyana a 2010, da fim ɗin "Inale", wanda Jeta Amata ya ba da umarni, aka gina shi a kan wata tatsuniyar Idoma da waƙoƙin Bongos. Waƙoƙin fim ɗin suka ci kyautar AMAA a 2011. Sai "Wulu Wulu" ya biyo baya a 2013, lokacin ya riga ya cika shekara 70. Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne ba Groovies ce ta dawo ba. Sabuwar ƙungiya ce mai suna Double X. Sunan jagora ne da muryarsa suka dawo, hannuwan da ke bayansa sababbi ne.

Ta fuskar murya, ban ga abin kushewa ba. Na sa tsohon faifai da sabo na saurare su ɗaya bayan ɗaya, na ji muryar ta ƙara kauri, ta rage gudu, amma ba ta rawa, kuma har yanzu kowace kalma tana fita sarai. Bai yi ƙoƙarin zama yaro ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babban tarkon da tsofaffin makaɗa suke faɗawa in za su dawo shi ne su ari rigar 'ya'yansu, su cika waƙa da kiɗan na'ura don a ce suna tafiya da zamani, a ƙarshe su yi biyu babu, tsofaffi su ƙi, yara su yi dariya. Bongos ya tsaya a kan abin da ya iya, ya kawo mutane masu rai suka kaɗa kayan kiɗa da hannunsu, ga 'yan amshi suna karɓa masa. Wanda kunnensa ya saba da waƙar fiyano zai ji bambanci nan take, zai ji kiɗan yana numfashi, mai ganga yana jiran mai jita, mai jita yana ba mai waƙa hanya.

Ta fuskar zubi kuwa, waƙoƙin da ya yi da harshen Idoma su suka fi kama ni, ko da yake ba na jin harshen. A nan ne tsarin jagora da amshi yake fitowa sosai, irin wanda muka sani a waƙoƙin dandali da na noma, jagora ya jefa, 'yan amshi su cafe, a yi ta juyawa har mai sauraro ya sami kansa yana karɓawa. A nan ƙafar makaɗin take a ƙasa. Waɗanda ya yi da Turanci suna da daɗi, amma waɗansu daga ciki santsinsu ya yi yawa, kamar ɗakin da aka share aka goge saboda baƙo, har mai gida ya rasa inda zai zauna.

Ta fuskar jigo, waƙar da ta fi shafar mu ita ce "Mustapha and Christopha". Sunanta kaɗai ya isa bayani: Musulmi da Kirista, da kiran a zauna lafiya. Mai karatu ya tuna lokacin da faifan ya fito. A watan Yunin 2012 an kai hare-haren bam a majami'u a Zariya da Kaduna, ɗaya a Wusasa, aka kuma yi ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Dattijon da ya yi ƙuruciya a Zariya ya fito a irin wannan lokaci ya haɗa sunayen nan biyu a baki ɗaya, wannan ya cancanci yabo, kuma na yaba.

INDA NA GA RAUNI

Amma yabon gwani ya zama dole, faɗa masa gaskiya ma haka. Tambayata ita ce, da wa ake magana? Mustafan Tudun Wada da Kiristofan Sabon Tasha, in sun haɗu a kasuwa ko a cikin motar haya, da wane harshe suke ciniki? Da wane harshe suke zolayar juna, da wane harshe suke zagin juna ran da Shaiɗan ya shiga tsakani? Da Hausa. Yaron da ake ba wa wuƙa da galan ɗin fetur, ta kowane ɓangare, ba da Turanci ake zuga shi ba. To waƙar da aka yi don a kwance masa zuciya, in ta zo da Turanci, ta wuce ta saman kansa ta faɗa kunnen wanda dama ba shi da niyyar faɗa. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, kuma karen mota ya ji, ko Musa ne sunansa ko Bulus. Ban ce Bongos ya zama Ɗan Maraya ba. Na ce mutumin da ya yi shekaru a Zariya, da ya sa ko da baiti biyu na Hausa a wannan waƙa, ko ya gayyato wani mawaƙin Hausa suka yi tare, da saƙon ya isa gidan da aka aike shi.

Rauni na biyu yana da alaƙa da na farko. Faifan ya fi fuskantar kasuwar waje, inda masu sha'awar kiɗan Afirka a Turai da Amurka suka yi sharhi a kansa. Ni a Kaduna ban taɓa jin sa a motar haya ko a shagon mai tura waƙoƙi a waya ba. Sai da na neme shi da kaina a intanet. Da na samu na kai wa Baba, na ce ga mutumin nan nasu ya sake fitowa. Ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya yi shiru har waƙa ta ƙare, sa'an nan ya ce, "Shi ne, muryar ba ta canza ba. Amma kai, wannan kiɗa ba na mutum ɗaya ba ne. Da wa zan ji shi?" Ya miƙo mini wayata. Na karanta sharhi da dama a kan wannan faifai, ban ga wanda ya kai wannan ba.

WAƊANSU DA SUKA DAWO

Don kada a ce abin na Bongos ne kaɗai, bari mu leƙa waje kaɗan. Ƙungiyar Orchestra Baobab ta birnin Dakar a Senegal ta yi tashe a shekarun 1970, sai kiɗan mbalax na su Youssou N'Dour ya kwashe mata kasuwa, ta watse a 1987. Wani kamfanin Ingila, World Circuit, ya sake buga tsohon faifanta, Turawa suka so shi, ƙungiyar ta sake haɗuwa, ta fitar da "Specialist in All Styles" a 2002. Abin sha'awa shi ne Youssou N'Dour ɗin nan da ya ture su yana cikin waɗanda suka shirya faifan, wato yaro ya riƙo hannun babba ya dawo da shi fage, kuma suka ci gaba da wasa a Dakar. Haka kuma ƙungiyar rok ta ƙasar Zambiya mai suna WITCH, wadda faɗuwar kuɗin tagulla da cutar ƙanjamau suka ɗaiɗaita zamaninta, har jagoranta Jagari Chanda ya koma haƙar duwatsu masu daraja. Ita ma masu tara tsofaffin fayafaye a waje ne suka tono ta, ta fitar da sabon faifai a 2023, shekara 39 bayan na ƙarshe, tare da waɗansu samarin Turawa a cikinta. Sunan faifan "Zango".

Abin da za a koya a nan biyu ne. Na ɗaya, kusan kullum daga waje ake buɗe wa tsofaffin makaɗanmu ƙofar dawowa, mu sai mun ga baƙo yana yaba kayan gidanmu muke waiwayarsu. Na biyu, dawowar takan kama ƙasa ne in an sami na baya da ya tarbi na gaba, kamar yadda aka yi a Dakar. A Arewa wa ya tarbi Bongos? Mawaƙanmu na zamani da yawa ba su san an yi shi ba.

KAMMALAWA

Yanzu sai in biya bashin tambayar da na ɗauka tun farko. Mu ɗaliban Hausa mun iya rarraba makaɗa, na fada da na jama'a da na sana'a da na maza, mun iya fitar da jigo da salo a waƙar Narambaɗa da ta Ɗanƙwairo, kuma haka ya kamata. Amma akwai wani babi na rayuwar Bahaushen birni da muka tsallake, wato abin da direba da masaƙi da ɗan makaranta suka saurara a Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano da Samaru tsakanin 1970 da 1990, tare da maƙwabtansu waɗanda Hausa ce ta haɗa su ko da ba ita suka tsotsa ba. Wanda yake son sanin yadda Hausa ta zama harshen kowa a Arewa, da kuma yadda masu jin harshe ɗaya suka wayi gari suna tsoron juna, ba zai sami amsar duka a waƙar fada ba. Wani kashi nata yana cikin irin akwatin da ke ƙarƙashin gadon mahaifina. Mutanen da suka san labarin suna nan da sauransu, amma suna ta raguwa. Ina ba ƙungiyarmu shawara, masu neman abin rubuta kundin digiri su je su zauna da su tun ana ganin juna.

Hukuncina a kan "Wulu Wulu" shi ne, faifai ne mai kyau na dattijon da ya san girman kansa, wanda ya cancanci a saurare shi, amma saƙonsa mafi muhimmanci bai zo da harshen waɗanda suka fi bukatarsa ba. Kamar Bello na wasan talabijin ɗin nan, makaɗin ya komo gida ya tarar gidan ba yadda ya bar shi ba. Shi dai ya yi nasa, ya ɗauko jita yana da shekara 70. Tara 'yan rawa kuwa ba aikinsa ba ne shi kaɗai.

Fayafayen Baffa guda uku suna nan a Rido. Na ce wa Baba ya ba ni su in kai makaranta a adana, ya ce a'a, ba a kyauta da kayan amana, mai su bai ce ya bar su ba. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure, malamaina da 'yan'uwa ɗalibai su gyara mini. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.